Ku Zo Asibiti da Kwalbar Maganin

Iyaye, idan yaro ya kama jijjiga, ko ya faɗa barcin da ba ya farkawa, ko ya daina gane mahaifiyarsa, abin da ke fara zuwa ranku shi ne zazzaɓin cizon sauro, ko sanƙarau, ko iska. Amma akwai wani sanadi da ake yawan mantawa da shi. Sau da yawa ƙwaƙwalwar lafiyarta ƙalau, jinin da ke isa gare ta ne ya gurɓace, ko dai da guba, ko da ƙarancin sukari ko gishirin jiki, ko da dattin da hanta da ƙoda suka kasa tacewa.

Ku tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum yara sun yi ta jijjiga suna mutuwa, maganin zazzaɓi kuma bai yi musu amfani ba, sai da gwajin jini ya nuna gubar dalma ce daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Kimanin yara 400 ne suka rasu.

A matsayina na mai harhaɗa magunguna a asibiti, ra'ayina shi ne rabin binciken yana hannunku. Gwajin sukari ɗigon jini ɗaya ne daga yatsa, cikin minti guda an gama. Guba kuwa, likita ba zai san wadda zai nema ba sai kun ba shi haske. Farasitamol da ya wuce kima yana lalata hanta. Asfirin ga yaro mai mura ko farankama na iya kumbura ƙwaƙwalwa. Ƙwayar maganin ciwon sukari ta kaka, ko guda ɗaya ce, tana iya sumar da jikanta. Wani kwallin ma dalma ce a cikinsa.

Na san tsoron faɗan ma'aikatan jinya ke sa wasunku ɓoye jiƙon da aka ɗura wa yaro. Gyaran wannan yana kanmu mu ma'aikata, amma ɓoyewar yaron take cuta.

Don haka ku tattaro duk abin da ya sha, na kemis da na gargajiya, har da kwalbar da ta ƙare. Ku faɗi lokacin da ya sha, da yawansa, da sana'ar da ake yi a gidan. Kada ku ɗura wa wanda ya suma komai a baki; ku kwantar da shi a gefensa, ku garzaya asibiti.

Allah ya raya mana su cikin ƙoshin lafiya.