Tsiron Tafin Ƙafa: Mai Juna Biyu, Dakata da Ƙaron Tumfafiya

'Yar'uwa mai juna biyu, idan wani ɗan tsiro mai tauri ya fito miki a tafin ƙafa, kina takawa kina jin kamar tsakuwa, a ganina bai kamata ki ɗiga masa ruwan wata itaciya ba kafin ki nuna shi a wurin awo.

Ƙwayar cuta ce mai suna HPV ke kawo wannan tsiro. Tana shiga ta faso ko ɗan rauni, musamman ga mai shiga makewayi ko wurin wanka ba takalmi. Ba sammu ba ne, ba jifa ba ne. Baƙaƙen ɗigon da ke tsakiyarsa kuma ba saiwa ba ce, ƙananan jijiyoyin jini ne. Irin da ke kama ƙafa daban yake da mai haddasa sankarar bakin mahaifa, kuma ba ya ratsawa ya kai ga abin da ke cikinki.

Ban raina maganin gargajiya ba, amma kasancewar magani daga itace ba ta nufin ba ya cutarwa. Akwai maganin tsiro na asibiti mai suna podophyllin, wanda daga saiwar wata shuka ake samo shi. Duk da haka an hana mai ciki shafa shi, domin yana ratsa fata ya shiga jini, ya cutar da ɗan tayi. To, ina ga abin da ba a auna ƙarfinsa ba?

Farin ruwan tumfafiya da na tinya suna ƙona lafiyayyar fata tare da tsiron, idan kuma hannu ya kai su ido, sukan yi mummunar illa. Dakakkiyar tafarnuwa da aka ɗaure ta kwana a ƙafa takan bar ƙuna. Yanka da reza kuwa yana yaɗa ƙwayar, ya buɗe ƙofa ga cutar tatanas. Ga mai ciwon suga, har da wanda ciki ke kawowa, ƙaramin miki a ƙafa kan zama gyambo. Sannan idan ciki ya tsufa, ƙafa ta kumbura, ke kanki ba ki iya ganin tafinki balle ki kula da mikin.

Za ki ji an ce wance ta shafa ta warke. Gaskiyar magana, da yawan irin wannan tsiro kan baje da kansa cikin shekara 1 zuwa 2, sai a yaba wa maganin da aka shafa a ƙarshe.

Saboda haka ki riƙa wanke ƙafa ki tsane ta, ki sa silifas, ki rufe wurin da filasta, kada kuma ki haɗa dutsen goge kaushi da kowa. Kada ki sha wani jiƙo dominsa. Idan zafin ya hana ki tafiya, likita na iya daskarar da shi da wani ruwa mai tsananin sanyi, kuma mai ciki na iya yin wannan. Amma tabo baƙi mai girma, mai sauya kama ko fitar da jini, a kawo shi ba tare da jinkiri ba, don sankarar fata ma takan fito a tafin ƙafa.

Maigida da iyayenmu mata, ku taimaka mata da haƙuri, ku rako ta asibiti. Allah Ya raba lafiya.