Gara In Yi Juyen Motata da Hannuna

Na daina kai a-kori-kurata gareji don juye, kuma ba na neman afuwar kowa. A ƙofar gida nake yi, in shimfiɗa kwali in shige ƙarƙashinta. Masu wucewa su ja su tsaya, wani ya ce, "Haba Alhaji, da kanka? Ina yara?" Wani ya koma gefe yana cewa rowa ce ta yi mini katutu. Wace rowa? Duka-duka nawa ne ladan juye? Injina nake tsoron rasawa, domin da motar nan nake ci da iyalina.

Kai ma ka san abin da nake nufi, don an yi maka. Ka miƙa mota, ka miƙa kuɗin mai da na filta, ka tafi sallar azahar, ka dawo ka tarar an goge inji tas ana ce maka an gama. Filta fa? An canza. Ina tsohuwar? An yar. Alhali kwance ta aka yi, aka kurkure da fetur, aka goge bayanta da tsumma aka mayar, kuɗin sabuwa kuma ya shige aljihu. Jama'a, filta takarda ce a nannaɗe cikin gwangwani, ba a wanke ta! Idan ta toshe, akwai 'yar ƙofa a cikinta da ke buɗewa don kada inji ya rasa mai, sai man ya bi ta gefe da duk dattinsa, da ƙurar hunturu, da garin ƙarfe, ya tafi kai tsaye cikin metal ɗin inji. Fitilar mai ba za ta kama ba. Kana tafe hankalinka kwance, inji na cin kansa, sai ranar da ka ɗauko buhunan masara daga Saminaka ya buga maka a tsakiyar daji. Sannan mutumin da ya wanke filtar ya dube ka ido cikin ido ya ce dama injin ya gaji, sai an nemo ɗan Kwatano. Da bakinsa!

Ga kuma notin ƙasa, wanda ake kwancewa mai ya tsiyaye. A tura yaro ɗan koyo, a ba shi sifana da dogon bututun ƙarfe, ya ɗaure har sai zaren ya ci. Gobe mota na ɗiga, a naɗa masa tef, a shafa gam. 'Yar washar da ke jikinsa, wadda ya kamata a sabunta a kowane juye, sai ta shekara biyar tana shan matsa. Ban ga laifin yaron ba, abin da ya ga ogansa na yi yake yi.

Amma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganar man kansa. Kowace mota ka kawo, tsohuwa ko sabuwa, mai fetur ko mai gas, amsa ɗaya ce: a zuba mata mai kauri, 20W-50. A lakato da yatsa a murza, a ce ka ji danƙo, wannan shi ne mai. Tun yaushe yatsa ya zama ɗakin gwaji? Wannan karatun na zamanin Peugeot 504 ne, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe kamfanin a 1975, kuma a kan waccan motar ba a yi ƙarya ba. To amma Hilux ta yanzu fa? Ramukan da mai ke bi a cikin injinta sun fi matsewa, kuma mai gas ɗin da ke da tabo (turbo), wannan tabon yana juyawa fiye da sau 100,000 a minti, mai yake jira ya iso masa da zarar an tayar. Ka ɗura masa mai nauyi da sanyin asubar Disamba, kafin ya hau sama an riga an yi gogayyar ƙarfe da ƙarfe. Waɗanda suka ƙera motar sun rubuta lambar man da ya dace a littafinta. A jikin galan ma akwai alama, harafin S na injin fetur, harafin C na injin gas. Wa ke dubawa? Ka yi magana a ce ka cika boko.

Ko ka dage ka sayo lambar da ta dace, tsugune ba ta ƙare ba, don wa ya tabbatar maka abin da ke cikin galan ɗin shi ne aka rubuta a bayansa? Ka taɓa tambayar kanka me ya sa ake bin gareji-gareji ana sayen galan ɗin da aka juye, har da murfinsa? Ina ake kai su? Cika su ake yi da tataccen tsohon mai, ko ɗanyen mai marar sinadari, a liƙe baki, a jera a shago. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 darajar Naira ta faɗi, kuɗin baƙin mai ya yi tashin gwauron zabo, kasuwar 'yan jabu ta buɗe. Kowa na neman sauƙi, kuma araha ba ta ado. Hukumar SON ce ke da alhakin ingancin kaya a ƙasar nan, mukan ji ta yi kame, amma fita bakin titi ka gani: mai a robar ruwa, mai a duro ana awo da gwangwani, babu suna babu lamba, da rana tsaka.

To, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu masu motocin fa? Mutum ya zuba miliyoyi ya sayi mota, ita ce gonarsa ita ce kasuwarsa, amma bai san inda gejin mai yake ba, kuma da alfahari yake faɗa. Wai shiga ƙarƙashin mota zubar da girma ne. Girman kai rawanin tsiya! Ya iya kashe dubbai a kan sitika da fitilu masu walƙiya da ƙaho mai kukan jirgi, amma a ce ya sayi filta ta gaske sai ya hau ciniki. Ya wuce kilomita 5,000 a hanyar burji, cikin ƙura, da lodi har sama, ya ninka ya sake ninkawa, ya ce ai man bai yi baƙi sosai ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu muka tsaga shi da rashin kula.

Kuma aikin nan da ake tsoratar da mu da shi, me ke cikinsa? Ka tayar da inji na 'yan mintuna mai ya yi ɗumi, ka kashe. Ka tsayar da mota a wuri mai daidai, ka ja birkin hannu, ka tokare taya da dutse. Galibin a-kori-kura tana da tsayin da za ka shige ba sai an ɗaga ba, idan kuwa ka ɗaga, kada ka kuskura ka ba jak kaɗai amanar ranka. Ka tara roba mai faɗi, ka kwance noti, a Toyota sifana 14 ce, ka bar shi ya tsiyaye har ya koma ɗigo. Ka kwance filta, ka tabbata tsohuwar robar bakinta ba ta maƙale a jikin inji ba, don idan roba ta hau kan roba, mai zai yi feshi ya ƙare kafin ka kai bakin layi. Ka shafa sabon mai a robar sabuwar, ka ɗaure da hannu, hannu kawai. Sabuwar washa, noti ya kama daidai ba da mugunta ba. Ka zuba adadin da littafi ya ce, ka tayar, fitila ta mutu, ka leƙa ƙasa ko akwai yoyo, ka kashe ka ɗan jira, ka zaro geji ka ga mai na tsakanin alamomin biyu. Shi ke nan fa. A kan wannan ake raina mana hankali.

Akwai kanikawa na Allah, na san da su, kuma su ma 'yan wanke filtar nan sun ɓata musu suna. Aikin giya da na burki da na lantarki wurinsu nake kaiwa, ban yi musu gardama ba.

Saura tsohon man. Nan kam har masu yi a gida ba su tsira ba. A kwarara shi a kwata, a tuttula a bayan katanga, a zuba a masai wai don sauro, wasu har shafa wa dabba suke yi a kan ƙazuwa. Baƙin man da ya gama aiki cike yake da garin ƙarfe da gubar ƙuna, yawan taɓa shi da fata ma illa ne, ballantana ya nutse ƙasa a unguwar da kowane gida da rijiyarsa. 'Ya'yan wa za su sha? Ka juye shi a jarka ka toshe, ka kai wa masu karɓa. Galan ɗin da ka zazzage kuwa, kafin ya bar hannunka ka sa wuƙa ka farke cikinsa, ka fasa murfin. Kada ka sayar, ko nawa aka taya.