A Riƙe Tsohon Gwani Ko A Sallame Shi?

Jama'a, wannan tambaya ta daɗe tana damun masu kulob a Amurka. A ƙwallon Amurkawa, Tom Brady, madugu mai jefa ƙwallo, ya ci wa Tampa Bay kofi a 2021 yana da shekara 43. To, amma shi ƙarti ne ke kare shi, ba ya yawan gudu. Ƙwallon kwando kuwa babu tsayawa. LeBron James ya ci wa Lakers kofin NBA a 2020, amma na 2025 samarin Oklahoma City ne suka ɗauka, jagoransu na da shekara 26. Su ma Lakers ba su jira ƙafar LeBron ta gaji ba, tun Fabrairun 2025 suka ɗauko Luka Doncic, ɗan shekara 25.