Wa ke da izinin nutsewa a Kwara? Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Gwamnan Kebbi

Mai girma Gwamna, Dokta Nasir Idris, Kauran Gwandu,



Ranka ya daɗe, duk ranar da jirgi ya kife a kogin Kwara, bayani iri ɗaya muke ji a rediyo: lodi ya yi yawa, ba rigar kariya, an yi tafiyar dare. Duka gaskiya ne, hukumar kula da hanyoyin ruwa, NIWA, ma ta gaji da faɗa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ke biyo baya, wato sa'ar da jirgi ya riga ya nutse, gari ya taru a gaɓa, mata na salati, samari na tuɓe riguna. A wannan sa'ar babu mai cewa wane ya shiga, wane ya tsaya. Duk wanda zuciyarsa ta ɗebe shi sai ya faɗa ruwa.

Mu mutanen Bagudo mu ke fara karɓar wannan kogi in ya shigo Najeriya ta wajen Lolo, bayan ya ratso tsakanin Gaya ta Nijar da Malanville ta Benin. Tun da juyin mulkin Yulin 2023 ya jawo rufe gadar da ta haɗa garuruwan nan biyu, jama'a da kaya suka koma kan jiragen ruwa. Abin da ya nutse a can kuwa, gangarowa yake yi wajenmu. Ga namu ƙetaren na kullum, na 'yan kasuwa da manoman shinkafa da masu zumunci, domin iyakar nan a takarda take, dangi ɗaya ne a Illo da Lolo da Madekali.

Ba ka buƙatar in tuna maka ranar 26 ga Mayun 2021, da jirgin da ya taso daga jihar Neja ya tarwatse a kusa da Wara ta ƙaramar hukumar Ngaski da mutum fiye da 150 a ciki. Masu nutso na gargajiya ne suka yi kwanaki suna tsamo gawawwaki. A Janairun 2023 aka sake yi a yankin Koko/Besse da manoman shinkafa, a Oktoban shekarar kuma a Yawuri. Kowane karo su ɗin ne dai, Sarkawa da masunta, da numfashin ƙirjinsu kaɗai. Ana yi musu godiya a jawabin jaje, kowa ya watse.

A ƙasashen da ake wasan nutso da tukunyar iska a baya, an daɗe da raba nutso gida biyu. Akwai wanda in numfashi ya ƙare maka sai ka yi sama ka sha iska. Akwai kuma wanda in ka yi sama sai kanka ya bugi rufi, kamar cikin kogon dutse da ruwa ya cika. Na biyun ne mai cin mutane, kuma cikin waɗanda ya ci har da gwanaye a na farko. A jihar Filorida ta Amurka, inda irin waɗannan koguna suke da yawa, mutane sun mutu har wani ƙwararre mai suna Sheck Exley ya zauna ya bi labarin haɗurran ɗaya bayan ɗaya, ya fitar da ɗan littafi a 1979. Ya ga dalilan suna maimaita kansu: shiga ba tare da igiyar da za ta nuna hanyar fita ba, rashin ajiye iskar dawowa, da zurfafawa fiye da kima. Daga nan ƙa'idar nan ta zaunu, cewa kashi ɗaya cikin uku na iska na shiga ne, ɗaya na fita, ɗaya na ko-ta-kwana. A wani wuri mai suna Vortex Spring sai da aka kafa ƙofar ƙarfe a cikin ruwa aka sa kwaɗo, ba a ba ka mabuɗi sai ka nuna takardar horo.

Wani zai ce ina ruwan Bagudo da kogon Amurka. To, jirgin katako da ya kife ya kwanta a gindin kogi, kogo ne. Duhu ne a ciki, ƙofarsa ɗaya, ga buhunan hatsi da babura da igiyoyi da tarun masunta suna lilo. Haka ƙarƙashin gaɓar da ruwa ya ƙwaƙule, haka tsakanin saiwoyin bishiyar da ambaliya ta kayar. Can ƙasa kuma, wajen Yawuri da Ngaski, kututturan da tafkin Kainji ya binne tun 1968 suna nan tsaye. In farin ruwan damina ya zo da laka, mutum ba ya ganin tafin hannunsa, da lalube ake aiki. Wanda ya kutsa cikin jirgi a wannan hali, ya juya sau ɗaya, ya ɓatar da inda ya shigo, daƙiƙun da suka rage masa ba su da yawa. Iya ruwa fidda kai, in ji Hausawa, a nan kuwa ba ta inda kan zai fita.

Ka dubi abin da ya faru a Tailan a 2018, da yara 12 da kocinsu suka maƙale a kogon Tham Luang. Sojojin ruwan ƙasar na musamman suna wurin, jarumai ne, amma wasu Turawan Ingila biyu da suka ƙware a nutson kogo, Rick Stanton da John Volanthen, su suka iske yaran ranar 2 ga Yuli. Wanda ya rasu a aikin ranar 6 ga wata, Saman Kunan, tsohon sojan ruwa ne mai horo, iska ta ƙare masa a hanyar dawowa daga kai tukwane. In irin wannan ya rasa ransa, ina ga ɗan shekara 17 da ya koyi iyo a bakin mashaya, kuma ƙanwarsa ce a cikin jirgin?

Ba ƙofar ƙarfe nake roƙo ba, ranka ya daɗe, Kwara ba ta ƙofuwa. Ƙofarmu mutum ce, kuma muna da shi tun kafin a haifi NIWA a 1997. A Argungu, wa ya isa ya jefa koma a Matan Fada kafin Sarkin Ruwa ya duba ruwa a ba da izini? Dubban masunta ke tsayawa a bakin ruwa suna jira, ba mai gardama, kuma duniya ta yaba har UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun da take karewa a 2016. Ikon da muke girmamawa ranar biki shi nake so gwamnati ta tsaya wa ranar musiba. A kowace mashiga, daga Lolo har iyakarmu da Koko/Besse, a sa Sarkin Ruwa da hakimi su rubuta sunayen waɗanda suka san aikin nan da gaske. Sun san su sarai, sun san wanda ya gada da wanda baki ne kawai. In an yi haɗari, waɗannan ne kaɗai za su nutse, 'yan sanda da 'yan sa-kai su riƙe sauran jama'a a tudu. Dangin waɗanda abin ya shafa su ne na farko da za a riƙe, ko da za su yi fushi.

Su kansu gwanayen suna da abin koyo, kuma ba raini a faɗin haka. Kada mutum ya nutse sai da igiya a ƙugu da wani riƙe da ita a jirgi yana ƙirga lokaci. Kada a shiga cikin jirgin da ya kife da numfashin ƙirji, a ɗaure shi a jawo shi gaɓa ko a birkice shi tukuna. Akwai kuma wata ɗabi'a da samari ke ɗauka gwaninta ce, ta jan numfashi da sauri sau da yawa kafin a nutse. Abin da take yi shi ne ta kashe ƙararrawar da ke gaya wa jiki ya nemi iska, sai mutum ya suma a ƙasa ba tare da ya ji komai ba.

Ga inda nake jin tsoro. Wata rana wani zai kawo shawarar a sayo tukwanen iska a raba, a ɗauki hoto. Don Allah kada ka yarda sai da horo. A zurfin mita 10 matsin da ke kan jiki ninki biyu ne na tudu, wanda ya shaƙi iskar tukunya a can ya riƙe numfashi ya taso, huhunsa na iya fashewa. In kuma an cika tukunyar kusa da hayaƙin janareta, guba ya ɗauka a bayansa. Harrison Okene, mai dafa abincin jirgin Jascon 4 da ya kife a tekun Neja Delta a Mayun 2013, ya yi kusan sa'a 60 a wani ɗan lungu mai iska, a zurfin kimanin mita 30. Ƙwararrun da suka je ɗauko gawa ne suka same shi da rai, kuma ba su yi gaggawar fito da shi sarari ba, sai da ya yi kwanaki a ɗakin rage matsi. Da masu ƙarfin hali kawai ne suka same shi suka cillo shi sama, da ceton ne ya kashe shi. Gara a zaɓi samari kaɗan daga gidajen Sarkawa, jiha ta biya musu horo na gaske, a ajiye su ƙarƙashin hukumar agajin gaggawa ta jiha, SEMA, da albashi, da jirgi mai inji a Lolo ko Illo.

Saura maganar da ta fi nauyi, ta gawa. Kowa na son ya sallaci nasa ya binne shi, kuma wannan matsin ne ke tura masu nutso komawa ruwa bayan sun gaji, har bayan magariba. Ceto na mintunan farko ne, bayan nan nema ake yi, nema kuwa ba ya buƙatar a saka wani rai a haɗari. A ruwanmu mai ɗumi gawa kan taso da kanta cikin 'yan kwanaki, jirage da ƙugiya da sanar da garuruwan ƙasa sun fi nutson dare amfani. Wannan ba bakin gwamna ne zai faɗa wa uwa mai kuka ba. Malamai ne za su faɗa a huɗuba tun kafin ranar ta zo, kai kuma kana da hanyar roƙon Mai Martaba Sarkin Gwandu ya tara su.

Sai maƙwabta. Gawa ba ta tsayawa a shingen kwastan, mai nutso ma in an kira shi daga ƙetare tafiya yake. Ya kamata shugaban ƙaramar hukumar Bagudo da magajin garin Malanville su riƙe lambar juna, su amince cewa Sarkin Ruwan da haɗari ya faru a gaɓarsa shi ke ba da izini, ko daga wane ɓangare masu taimako suka zo. Rubuta sunaye da sayen igiya da wannan zama ba sa jiran kasafin baɗi, ana iya gama su kafin ruwan Agusta ya cika kogi.

Allah ya taimaki Gwamna.

Naka,
Wani ɗan ƙaramar hukumar Bagudo