Kuɗin Saukar Jirgi: A Wuyan Wa Yake Ƙarewa?

Duk mutumin Katagum da ke neman abinci a Agege ko Sabon Ibadan ya san tashin hankalin zuwa gida in an yi rasuwa. Jirgin fasinja ba ya zuwa Azare. Sai mutum ya sauka Kano, ko Dutse, ko Bauci, sa'an nan ya nemi mota. Tikitin kuwa ya fi ƙarfin talaka.

Ba tsadar mai kaɗai ta jawo haka ba. Kamfanin jirgi yana biyan kuɗin sauka da na ajiye jirgi. Ga kuɗin fasinja, wanda hukumar FAAN ta ɗaga daga N1,000 zuwa N2,000 a 2020, ga kashi 5 cikin 100 na hukumar NCAA. A 2023 ƙungiyar IATA ta sa filayen Abuja da Ikko cikin mafiya tsada a Afirka. Duk wannan a wuyan fasinja yake ƙarewa.

Filin Bauci, da aka buɗe a 2014, ba shi da cinikin Ikko, kuma mai sabuwar rumfa ba ya tsawwalawa. Ya kamata hukuma ta sassauta kuɗin sauka a ƙananan filaye. Da haraji mai yawa babu jirgi, gara kaɗan da jirgi kullum.