Sharhi: Tseren Gudu a Tafkin Tila da Darasin da Obudu Ta Bari

Tun daga shekarar 2016 da aka fara gasar gudun yada ƙanin wani ta birnin Legas, 'yan Kenya da Habasha ne ke raba manyan kyaututtukan a tsakaninsu, 'yan gida kuma su fafata a kan ladan da aka keɓe musu. Ko a cikin 'yan gidan, sunayen da aka fi ji, irin su Emmanuel Gyang da Deborah Pam, daga Jihar Filato suke. Wannan ba dace ba ne, yana da nasaba da tudun ƙasar da suka tashi a kanta.

Matashin da ke fita motsa jiki bayan sallar asuba a unguwar Bulumkutu, a gefen titin da ya fita daga Maiduguri zuwa Damaturu, yana gudu ne a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa wadda tsayinta bai wuce kimanin mita 300 daga doron teku ba. Takwaransa na Jos yana kan mita 1,200. Na garin Iten a Kenya yana kan mita 2,400, na Bekoji a Habasha, mahaifar Kenenisa Bekele da Tirunesh Dibaba, yana kan kusan mita 2,800.

A irin wannan tudu nauyin iska yana raguwa, kowane numfashi sai ya kai wa jini iskar oksijin ƙasa da yadda yake kaiwa a kwari. Jiki kan mayar da martani ta hanyar ƙoda, wadda ke fitar da sinadarin da ke sa ɓargo ya ƙara samar da jajayen ƙwayoyin jini. Idan mai irin wannan jini ya sauko gaɓar teku, sai ya riƙa jan zango ba tare da saurin gajiya ba. Duniya ta ga haka ƙarara a gasar Olamfik ta 1968 a birnin Meziko, mai tsayin mita 2,240, inda Kip Keino da Naftali Temu na Kenya da Mamo Wolde na Habasha suka ɗauki zinare.

Jihar Borno ma tana da nata tudun. A kudancinta akwai tsaunukan Biu, kuma a cikinsu, kusa da Kwaya Bura, akwai Tafkin Tila, wanda ruwansa ya taru a bakin wani tsohon dutse mai aman wuta da ya daɗe da mutuwa. Wuri ne mai kyan gani, mai tarihi a wajen al'ummar Bura da masarautar Biu. Duk wanda ya san yadda ƙasashen waje ke shirya tsere a kewayen tafkunan kan duwatsu don jawo baƙi, zai ga cewa Tila ta dace da irin wannan.

Sai dai a nan ne ya kamata a rarrabe tsakanin abubuwa biyu. Mafi yawan ƙasar Biu ba ta kai mita 1,000 ba, alhali amfanin tudu ga jini yana bayyana sosai ne daga wajen mita 2,000, kuma sai mutum ya yi makonni yana kwana yana tashi a wurin. Tseren yini guda ba ya sauya jinin kowa. Tila za ta iya zama dandalin gasa da yawon buɗe ido, hawa da gangarenta su ƙarfafa ƙafa, amma sansanin horo na gaske sai an nufi tsaunukan Mambila a Jihar Taraba, inda garuruwa ke kan mita 1,500 zuwa sama, ko kuma Filato.

Najeriya ta riga ta gwada gasar kan dutse. A 2005, zamanin Gwamna Donald Duke, Jihar Kuros Riba ta ƙaddamar da tseren Obudu, mai nisan kimanin kilomita 11, hawa zalla har ƙolin dutse. Kyautar farko dala 50,000 ce, abin da ya sa ta yi suna a matsayin gasar hawan dutse mafi tsoka a duniya. Baƙi ne suka yi ta kwashe kuɗin, musamman 'yan Habasha irin su Abebe Dinkesa. Da aljihun gwamnatin jiha ya yi sanyi, sai gasar ta lafa bayan kimanin shekara goma, ba tare da ta bar wa ƙasar zakara ko ɗaya da ya yi fice a duniya ba. An sayi suna da tsada, ba a gina 'yan wasa ba.

Tseren Okpekpe na kilomita 10 a Jihar Edo, wanda aka fara a 2013, ya bi wata hanya dabam. Masu zaman kansu ne suka riƙe shi tare da kamfanonin da ke ɗaukar nauyi, suka cika sharuɗɗan hukumar guje-guje ta duniya na auna hanya da gwajin ƙwayoyin ƙara kuzari da tanadin likitoci, har ya kai matsayin tambarin zinare a 2023. Can ma baƙi ke cinyewa, amma gasar tana nan da ranta.

A Borno, tambayar farko ita ce ta hanya. Titin Maiduguri zuwa Biu ta Damboa ya sha fama da hare-hare, abin da ke sa matafiya da dama zagayawa ta Damaturu da Buni Yadi. Mai shirya gasa ba zai tara ɗaruruwan mutane a bakin tafki ba sai ya tabbatar za su je su dawo lafiya. Akwai kuma lokaci: zafin bazara a yankin yana haura digiri 40, sanyin hunturu kuma yana zuwa da ƙura. Ɓallewar madatsar ruwan Alau a watan Satumban 2024 ta bar wa gwamnatin jihar buƙatun da suka fi kyautar dala gaggawa.

Saboda haka abin da ya fi kusa da hannu shi ne ƙananan tsere na kilomita 5 da 10 a unguwanni da makarantun Maiduguri, maza da mata, da agogo da rajista, domin a gano masu baiwa tun suna ƙanana. Jami'ar Sojoji ta Biu, wadda aka kafa a 2018, tana iya zama masaukin gasar Tila idan hanya ta yi kyau. Tura waɗanda suka yi fice zuwa Filato ko Mambila kuwa ya fi ƙarfin jiha guda, aiki ne na Hukumar Wasanni ta Ƙasa, wadda Shugaba Bola Tinubu ya farfaɗo da ita a watan Oktoban 2024 a ƙarƙashin jagorancin Shehu Dikko.