Sharhi: Jarin da matasan Filinge ke nema a Yamai yana hannun 'yan cirani

A shekarar 2011 wani ɗan Nijar masanin kwamfuta, Abdou Maman Kané, ya lashe lambar farko a gasar da kamfanin Orange ke shirya wa masu ƙirƙira a Afirka. Abin da ya ƙera ba shi da wuyar fahimta: manomi na zaune a gida ko a kasuwa, ya danna wayar salularsa, famfo mai aiki da hasken rana ya tashi a garka ya shayar da shuka, idan ruwa ya isa ya sake dannawa ya kashe. A 2015 an ba shi babbar lambar Sarki Hassan na Biyu ta harkar ruwa a wani taron duniya da aka yi a Koriya ta Kudu, wadda ta zo da dalar Amurka dubu 100. Kamfaninsa Tech-Innov yana Yamai, kuma har yau da sunansa ake buɗe kusan duk wani jawabi kan fasahar zamani a Nijar.

Duk wanda ya bi hanyar Yamai zuwa Filinge a lokacin sanyi, ya wuce Balleyara, ya ratsa ƙasar Tondikandia, ya isa Bonkoukou, zai ga wurin da wannan na'ura ta fi dacewa da shi. Kwarin Dallol Bosso ne, inda ruwa ke kusa da doron ƙasa, kuma garake ke cike da dankalin turawa da kabeji da albasa. Amma a yawancinsu injin fetur ne ke ruri, wasu ma da guga da gwangwani suke ban ruwa. Fiye da shekara goma bayan duniya ta tafa wa fasahar, ba ta zama kayan aikin kowa ba a kwarin da bai kai tafiyar kilomita 200 daga babban birni ba.

Laifin ba na mai ƙirƙirar ba ne, ba kuma na manomi ba. Tsakanin kuɗin gasa da kuɗin da kamfani ke buƙata don ya yi girma akwai rami mai faɗi, kuma a cikinsa mafi yawan ƙananan kamfanonin fasaha na Nijar ke faɗawa. Kuɗin gasa kan isa a ƙera samfuri ɗaya ko goma, a buga kati, a halarci taro a Dakar ko Kigali. Ba ya isa a sayo kaya da yawa don farashi ya sauko, a ɗauki ma'aikacin gyara da zai zauna a Damana, a kuma ba manomi na'ura bashi har ya girbe ya biya.

Cibiyoyin taimako suna nan, kuma ba daidai ba ne a ce ba a yi komai ba. Cibiyar renon ƙananan kamfanoni ta CIPMEN ta buɗe a Yamai tun 2014. Kamfanin zuba jari na Sinergi Niger ya girme ta, tun 2006 aka kafa shi don ya sayi hannun jari a ƙananan masana'antu. Hukumar ANSI ta riƙa shirya gasar e-Takara. Gwamnati ta kafa asusun FISAN a 2017 saboda harkar abinci da noma, daga baya kuma ta kafa FONAP saboda ƙanana da matsakaitan kamfanoni. Sai dai kusan duka ƙofofinsu a Yamai suke, takardunsu da Faransanci, kuma wani kaso mai yawa na kuɗin horaswa da gasanni daga abokan hulɗa na waje yake fitowa. Da aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta yanke wutar lantarki, ƙasashen Turai da dama suka dakatar da tallafi. An ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024, amma matasan da suka gina kamfani a kan jiran kuɗin wata ƙungiya sun ga yadda famfo ke ƙafewa dare ɗaya.

Manyan masu zuba jari na duniya kuwa, tun can ba nan idonsu yake ba. Alƙaluman kamfanin Partech sun nuna kamfanonin fasaha na Afirka sun samu dalar Amurka biliyan 6.5 a 2022, adadin ya faɗi zuwa biliyan 3.5 a 2023, kuma mafi yawansa ƙasashe huɗu ne ke kwashewa: Najeriya, Kenya, Masar da Afirka ta Kudu. A ƙasashen da ke amfani da sefa, labarin da ake ta maimaitawa shi ne na kamfanin Wave na Senegal da ya samu dala miliyan 200 a 2021. Masu irin wannan kuɗi na neman kasuwa mai miliyoyin masu babbar waya da asusun banki, da hanyar sayar da kasonsu cikin 'yan shekaru. Matashin da ke son haɗa manoman Bonkoukou da 'yan kasuwar Katako ba ya cikin lissafinsu, kuma ɓata lokaci ne ya kwana yana gyara takardar gabatarwa da Turanci don su.

Saura banki. Banki na son jingina, galibi takardar fili ko ta gida a birni, abin da ɗan shekara 25 da ya fito daga jami'ar Abdou Moumouni ba shi da shi. Ƙananan cibiyoyin bashi sun fi sauƙin kai, amma dokar yankin UEMOA ta ba su damar kai ruwan bashi har kashi 24 cikin ɗari a shekara, kuma suna son a fara biya cikin 'yan watanni. Wannan ya dace da mai sayen tumaki ya yi kiwon layya. Kamfanin da zai shekara biyu kafin ya ga riba, irin wannan bashi kashe shi yake yi. Ga kuma mutane da yawa a yankin da ba sa kusantar bashi mai ruwa saboda addini.

Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Tondikandia kaɗai ta haura mutum dubu 100 a ƙidayar 2012, kuma da wuya a samu gida a can, ko a Kurfai, ko a Imanan, da ba shi da ɗa a Kumasi, Akra, Abijan, Kwatano, Legas ko Libiya. Tafiya cirani zuwa bakin teku ta girmi 'yancin kan Nijar. Kuɗin da 'yan Nijar mazauna waje ke aikowa gida ya kai ɗaruruwan miliyoyin dalar Amurka a kowace shekara, ban da wanda ke biyowa ta hannun direbobi da 'yan kasuwa. Abin lura shi ne, kamfanonin da suka fi kowa cin moriyar wayar salula a harkar kuɗi a ƙasar nan, irin su NITA, Al Izza da Amana, a kan wannan aike suka yi girma. Ba gasa ce ta raine su ba. Kwastoma suka samu wanda ke biyan ladan aike kowace rana, daga baya suka ɗora manhaja a kai.

Ina kuɗin ke tafiya idan ya iso ƙauye? Kaso mafi girma hatsi ne a lokacin bazara da damina, da magani, da kuɗin makaranta, kuma babu mai hankalin da zai ce a taɓa wannan. Amma akwai rara a hannun wasu: dillalin da ya kafu a kasuwar Kumasi, mai shago a Abijan, ma'aikacin da ke Faransa ko Amurka. Rarar kan zama bulo da kwano, ko fili a bayan Yamai, ko shanu. Dalili a bayyane yake. Gini ba ya guduwa, saniya ana ganinta da ido, shi kuwa kuɗin da aka ba ƙane ya yi sana'a sau da yawa labarinsa kawai ake ji. Kusan kowane zango na 'yan cirani yana da tarihin wanda ya aiko da jari aka cinye, zumunci ya lalace.

A nan ne aikin yake, kuma ba sabon abu ake neman a koya wa jama'a ba. Haɗa kuɗi da ƙarfi a raba riba tsohuwar al'ada ce: uban gida ya ba yaronsa jari, mai dabba ya ba makiyayi kiwo, malamai kuma sun san hukuncin ƙiradi da musharaka tun kafin a kafa banki a ƙasar. Tsarin Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maradi a 1991, wanda ƙasashe da dama suka kwaikwaya, ya yi nasara ne saboda abu uku: akwati mai makullai a hannun mutane daban-daban, lissafi a gaban kowa, da ranar rabo da aka sani. Abin da kamfanin fasaha ke buƙata daga 'yan cirani bai wuce wannan ba, sai dai a rubuce. Dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar ke ciki, ta tanadi nau'o'in kamfani da mutane da yawa za su mallaka kowa da kasonsa, kuma ana yin rajista a Maison de l'Entreprise da ke ƙarƙashin majalisar 'yan kasuwa. A misali, idan mutum 20 'yan asalin gari ɗaya kowa ya sa jika 250, an tara miliyan 5 na sefa. Kuɗi ne da ba ya ko motsa mai jari na Landan, amma zai iya sayen famfunan hasken rana da za a ba manoma haya na kaka guda, ko ya gina ɗakin ajiya mai sanyi.

Ɗakin ajiyar ya cancanci a tsaya a kansa. Manomin dankali a Dallol na sayen iri mai tsada da ake kawowa daga Turai, ya yi wata uku yana ban ruwa, sannan kowa ya girbe lokaci ɗaya, daidai shigowar zafi. Dankali ba ya jure zafin Maris da Afrilu, don haka dole a sayar a farashin da dillali ya yanka. Bayan 'yan watanni kuma Yamai ta koma cin na waje da tsada. Duk matashin da ya iya haɗa farantan hasken rana da na'urar sanyaya ɗaki, da lissafin buhunan kowane manomi a waya, da biyan kuɗin ajiya ta Airtel Money ko Moov Money, ya kafa kamfanin fasaha na gaske, ko da bai taɓa hawa dandamalin gasa ba. Haka yake ga madarar shanun Azawak da tashar kiwo ta Toukounous ta yi suna da su, haka ga kasuwar dabbobi ta Balleyara ta ranar Lahadi, inda ake cinikin miliyoyi da tsabar kuɗi a aljihu a kan hanyar da ba kullum take da aminci ba.

Akwai haɗari, kuma ɓoye shi yaudara ne. Yawancin sababbin kamfanoni a ko'ina cikin duniya mutuwa suke yi, saboda haka wanda zai sa kuɗi ya sa abin da zai iya rasawa ba tare da gidansa ya kwana da yunwa ba. Jihar Tillaberi na fama da 'yan bindiga, sassa da dama na ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, an kuma taƙaita zirga-zirgar babura tun farkon 2020, abin da ya sa kai kaya da zuwa gyara ƙauyuka ya ƙara tsada. Layin waya na yankewa a wurare da yawa da zarar an bar kwalta. Shigowar Starlink a 2025 ta rage wa masu hali wannan matsala, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin ɗan garka shi kaɗai. Duk tsarin kasuwancin da bai saka waɗannan a lissafi ba, a ofis mai sanyi aka rubuta shi.

Nauyi mafi girma na kan matashin da ke neman jarin. Kafin ya nemi sisin kowa, ya nuna mutum goma da suka riga suka biya shi don aikinsa. Ya raba asusun kamfani da aljihunsa. Ya aika wa masu kaso lissafin shiga da fita kowane wata, ko ta WhatsApp ne, da harshen da suke ji, Zabarmanci ko Hausa, har da watan da aka yi asara. Ya kuma yarda cewa wanda ya sa kuɗi yana da ikon tambaya, ko da bai yi boko ba. Da yawa daga cikin masu digiri sun fi son kuɗin ƙungiyar waje daidai saboda ba ta zuwa gaisuwar sallah ta tambayi ina aka kwana.

Hukuma ma tana da rawar da ba ta buƙatar kasafi mai nauyi. Asusun FONAP da FISAN na iya tsaya wa irin waɗannan kamfanoni na haɗin gwiwa a gaban banki, ta yadda duk miliyan ɗaya da 'yan cirani suka tara a rubuce za ta buɗe ƙofar ƙarin kuɗi daga BAGRI ko Bankin Musulunci na Nijar. Ofisoshin jakadanci a Akra, Abijan da Kwatano na iya tabbatar da sa hannun masu kaso, don kada sai mutum ya bar shagonsa ya zo Yamai. Ya kamata kuma asusun biyu su riƙa wallafa sunayen kamfanonin da suka amfana gunduma-gunduma, jama'a su ga nawa ne ya isa Filinge, Abala ko Balleyara. Kantomomin da aka naɗa bayan rushe majalisun ƙananan hukumomi a 2024 su ne ke karɓar harajin kasuwanni. Idan ɗaya daga cikinsu ya ba wani ƙaramin kamfanin yankin kwangilar tattara harajin ta waya, ya kuma biya shi a kan lokaci, ya ba shi abin da banki ke tambaya kafin komai, wato shaidar kuɗin shiga.

'Yan cirani da yawa kan dawo gida gab da faɗuwar damina, a watan Mayu da Yuni, kuma a lokacin ne ƙungiyoyin 'yan asalin garuruwa ke zama su tattauna gyaran masallaci, rijiya ko ajin makaranta. Shukar dankali kuwa sai wajen Nuwamba. Tsakanin zaman da shukar akwai wata biyar, wanda ya isa a yi rajistar kamfani, a buɗe asusu, a sayo kaya kafin manomi ya zuba iri.